Ranar da Gwaggo Ta Gyara wa Teku Tsami

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa masu karatu. Hannuna har yanzu ƙaiƙayin gishiri yake yi, bayana kuma kamar an daka shi a turmi. Ke kuma da kika tambaye ni a ƙasan rubutun da ya wuce, wai shin mutum nake so ko kifi, matso kusa ki ji abin da kifin ya ja mini.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce Auta a gidanmu. Tela ce ni, kekena yana shagon Yayata. Wanda nake so kuwa, a gidanmu ba a kiransa da komai sai Mai Gilashi, don sana'arsa ke nan, yankan gilashi da sa tagogi. Aiki ya kai shi wani gari mai nisa inda ake gina dogon bene, ɗakin da yake haya kuma wutarsa ba ta da alkawari. Shi ya sa kafin ya tafi ya kawo mini ajiya. Wasu samarin zobe suke bari, wasu turare. Ni teku aka bar mini.

Akwatin gilashi ne da bai kai teburin guga tsawo ba, shi ya yanka ya haɗa da hannunsa. A ciki akwai ruwan gishiri, da farin yashi, da duwatsu masu ramuka, da wasu 'yan kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda Umma ta raɗa wa Ango da Amarya don ta tsokane ni. Amma ba kifayen ne ajiyar ba. Ajiyar ita ce Tsohuwa.

Tsohuwa murjani ce mai rai. Ni ma da, murjani a wurina jan dutse ne da ake hudawa a rataya a wuya. Ashe dabba ce. Gindinta farin dutse ne mai rassa, a kan kowane reshe kuma nama ne kore mai laushi, yatsu-yatsu, suna kaɗawa cikin ruwa kamar ciyawar da iska ke shafa. Tana kamar kan ɗan yatsa ya same ta, ya yi shekaru yana renonta har ta yi kawuna biyar. Ranar da ya ajiye ta a falonmu, kusa da soket ɗin da ke kan batirin sola, bai ce mini in kula da kaina ba. Cewa ya yi, "Tela, ba ni da wani abu mai rai da na rena a duniya sai ita. Don Allah kada ki yi mata gaggawa."

Ya bar mini wani ma'auni kamar biro mai ƙiba. In ka tsoma bakinsa a ruwa sai lamba ta fito. Abin da yake aunawa pH ake ce masa, wato yadda ruwa ya karkata wajen tsami ko ya nisance shi. Ba tsamin da harshe zai ji ba ne, ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma Tsohuwa tana ji. Tana son lambar ta zauna tsakanin takwas da ɗigo ɗaya da takwas da ɗigo uku. In ta faɗi ƙasa da haka sosai, Tsohuwa ba ta iya gina dutsenta.

"Amma abin da ta fi tsana," in ji shi, "ba ƙasa ba ne, ba sama ba ne. Hawa da sauka ne. Halinku ɗaya."

"Ni ce dutsen?"

"Ke ce ba ki son mutum yau fari gobe baƙi."

Da farko komai lafiya lau. Da safe lambar tana ɗan ƙasa, da yamma ta ɗan hau, ya ce haka rayuwarta take. Ina cika ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa mara gishiri. Ina wanke kofin wani ɗan injin kumfa da ke maƙale a gefe, mai zuƙar iska ta wani siririn tiyo yana dama ta cikin ruwan. Tsohuwa tana buɗewa shar, har nakan tsaya kallonta in makara shago.

Sai Gwaggo ta zo.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Kwana biyu ta ce za ta yi, amma akwatin da ta zo da shi ya fi na mai ƙaura. Ta zo da magana a bakinta: ƙawarta tana da ɗa mai shagon tayal, yana da gida, yana da mota, yana da tumbi. Ba wanda ya ce dole. A gidanmu ba a yin dole, zama ake yi a kanka har ka gaji. Duk ƙarshen mako sai Gwaggo ta tara dangi a falo, kawunai da matansu, Yaya da nata 'ya'yan, har da wata da ban san inda muka haɗa dangi ba, ita dai ba ta wuce taro.

Da zarar an zauna sai Umma ta ce, "Auta, rufe tagogin nan. Ba ki ga ta fito da shanya ba?"

Maƙwabciyarmu take nufi. Igiyar shanyarta daidai ƙarƙashin tagar falonmu take, kuma Allah Ya hore mata wanki duk ranar da muke da magana. Na taɓa ganinta da idona tana shanya zanen da ya riga ya bushe.

Sai a rufe taga, a saki labule, a turo ƙofa. Fanka ta yi ta juya iska ɗaya a kan mutane. A fara.

"Mutumin da zai zuba gishiri a ruwa ya zauna yana kallon dutse, shi ne zai riƙe gida?"

"Kifin ma ba na ci ba ne."

"Ko kaza ce da an ce yana da dabara."

Na ce musu mutumin da bai gaji da renon abin da ba ya ko gode masa ba, ba zai gaji da ni ba. Wannan ita ce hujjata guda ɗaya, kuma tana zaune cikin gilashi a gaban kowa.

Gwaggo ce ta fara gani. Ta nuna da baki ta ce, "Ku duba abin nan! Ku duba! Da zarar an ambaci mai shi sai ya tsuke. Abin da ya rena da hannunsa ma bai yi na'am da shi ba, sai ke."

Na juya. Wallahi gaskiya ta faɗa. Tsohuwa ta janye yatsunta, ta takure kamar wadda aka yi wa tsawa, har gefen farin dutsenta ya fara bayyana. Kawu babba ya yi dariya har hularsa ta zame. Da suka watse na tsoma ma'auni. Bakwai da ɗigo bakwai. Ban taɓa ganin wannan lambar ba.

Washegari ta farfaɗo. Mako ya zagayo, aka sake zama, ta sake tsukewa. Aka sake zama, ta sake. Kuma kowane karo farfaɗowar sai ta fi ta baya nawa. Na auna gishiri, daidai. Na duba ɗumin ruwa, daidai. Na wanke duk abin da ke wankuwa. Har na fara zargin ma'aunin, na fara zargin kaina, wata rana ma, Allah Ya yafe mini, na fara tunanin ko dai Tsohuwa tana jin magana ne. Gwaggo kuwa ta samu abin yi, duk wanda ya shigo gidan sai ta ja shi gaban gilashi ta ba shi labarin dutsen da ya ƙi ubangidansa.

Ban gaya masa ba. Mutumin da ke rataye a saman bene da fallen gilashi a hannu ba a aika masa da abin da zai sa hannunsa rawa. Sabis ma a can sai ya ga dama. In ya samu sai in ga saƙo:

"Ya Tsohuwa?"

"Tana gaishe ka."

"Ke fa?"

"Ni ba da ni aka fara ba, don haka ba na gaisuwa."

Da abin ya ishe ni sai na bi ta bayan gida. Na rubuta, "Wata ƙawata ce ke tambaya, me ke sa lamba ta sauka haka kawai?"

Ya turo fuskar dariya. "Ƙawar taki ita ma teku ne a falonsu?"

"Ka amsa kawai."

"Ki ce wa ƙawarki ruwa yana shan iskar ɗakin da yake ciki. In mutane suka cika ɗaki aka rufe, numfashin da suke fitarwa shi ke shiga ruwan ya sa shi tsami. Ta buɗe taga. Tela, lafiya dai ko?"

Kafin in ƙirƙiro ƙarya sabis ya ɗauke, na gode wa sabis ɗin.

Numfashi! Na zauna bakin gado ina jin kamar in yi ihu. Duk wahalar nan da na sha, ashe dangina ne ke hura wa ajiyata ciwo, da bakin da suke zagin mai ita.

Da safe na ce sai na gani da idona. Na ɗebo ruwan a kofi, na samo bututun shan lemo. Ina shiga falo na tarar da Baba a kan kujerarsa gaban gilashin. Baba tsohon mai gyaran agogo ne, idonsa ya gaji ya ajiye sana'a. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan ƙa'ida. Bai taɓa yarda a kafa ƙusa a bangon falonsa ba. Ku yi tunani, gidan mai gyaran agogo, amma agogon bangonmu a kan kantar falo yake jingine. A duk zaman da ake yi a kaina bai taɓa cewa uffan ba, lumshe ido yake yi kamar mai sauraron rediyo daga nesa. Ashe kullum da safe, in na tafi shago, nan yake zama da ɗan madubin aikinsa a ido yana kallon Tsohuwa.

"Kowane yatsa da nasa motsin," ya ce, bai ko juyo ba. "Ba biyu da ke tafiya tare, amma ba sa karo. Me za ki yi da kofi?"

Na tsoma ma'auni a kofin, takwas da ɗigo ɗaya. Na sa bututu na hura, ruwan ya yi ta ɓulɓul. Lambar ta fara gangarowa a gaban idonmu. Takwas. Bakwai da ɗigo tara. Bakwai da ɗigo takwas.

Baba ya cire madubin daga idonsa. "Ba ni nan."

Ya sa aka ɗebo sabon ruwa, ya hura da kansa, kumatunsa suka kumbura kamar na yaro. Da lambar ta sauka sai ya yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba.

"Ikon Allah. Wato duk surutun da muke yi a ɗakin nan, ruwan nan shanye shi yake yi."

"Baba, ka hana su rufe tagar."

"Taga ta uwarki ce," ya ce. Ya mayar da madubinsa. Raina ya ɓaci, na fita ko sallama ban yi ba.

Jiya aka sake zama. Gwaggo ta sha wani leshi ruwan toka da ni na ɗinka mata, mai faɗin hannu, irin wanda in ta ɗaga hannu sai ka ce tsuntsuwa za ta tashi. An rufe ko'ina, an fara karanto mini alherin mai tayal, wai har banɗakinsa sheƙi yake yi. Ni idona yana kan Tsohuwa. Na ga yatsun sun fara ja da baya. Ban san lokacin da na miƙe na yaye labule na wangale taga ba.

Maƙwabciya tana nan tsaye da rigar mijinta a hannu. Muka haɗa ido. Ta ce, "Sannunku da baƙi."

Umma ta taso ta maido tagar da ƙarfi. "Kin haukace ne?"

"Umma, ba mai shi take ƙi ba. Numfashinku ne yake sa ruwan tsami!"

Sai falo ya fashe da hayaniya.

"Numfashin wa?"

"Mu ne masu warin baki, ko?"

Kawu ƙarami ya hura tafin hannunsa ya sansana a ɓoye, na gan shi. Yaya ta riƙe baki tana dariya, ita da ya kamata ta tare mini. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ni da na goya ki a bayan nan kina mini fitsari, yau numfashina ne guba?"

"Ba haka nake nufi ba, Gwaggo. Kowa ma, har ni. Ku tambayi Baba, ya gani."

Duk suka juya. Baba ya lumshe ido.

Nan hawaye ya ƙwace mini. Ba kukan shagwaɓa ba, kukan wanda yake da gaskiya a hannu amma ya rasa inda zai ajiye ta. Na ja mayafina, na ɗauki ledar ɗinkin wata mata da na yi alkawarin kai wa. Ina bakin ƙofa Gwaggo ta kira ni, muryarta ta sauko.

"Auta. Tsami kika ce ruwan ya yi?"

"Tsami, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. Da na san abin da ke cikin gyaɗa kan nan, da matar ta yi ta jiran ɗinkinta har shekara.

Da na dawo da la'asar, tun daga ƙofa na ji gidan ya yi shiru irin wanda ba na lafiya ba. Kowa yana zaune inda na bar shi, amma ba mai kallon kowa. Na dubi kusurwa. Tekuna ya zama fari fat kamar an tuttula madara. Ba na ganin dutse, ba na ganin yashi. Ango ne kawai ya gifta ta jikin gilashi yana haki.

"Innalillahi. Me aka zuba?"

Umma tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Baba ba ya nan, ya fita masallaci kafin abin ya faru. Na tsoma ma'auni. Lambar ta haura tara.

Sai idona ya sauka a kan hannun rigar Gwaggo. Ɗinkina ne, na san yadda ya kamata ya zuba. Hannun dama ya jiƙe har gwiwa, bakinsa ya fara bushewa da farin gishiri.

"Gwaggo."

"To ai na ga kina kuka ne," ta ce da sauri, kamar wadda ta gaji da riƙe maganar. "Na ce yarinyar nan za ta kashe kanta a kan abin da ba ya wuce minti ɗaya a kicin. Tun ba a haife ki ba nake kashe tsami a tukunya. Na jiƙa 'yar kanwa a kofi na zuba, na sa hannu na motsa. Na ma ɗanɗana da ludayi tukuna. Gishirinsa ya yi yawa, amma shi ban taɓa ba, na ce sai kin dawo."

Masu karatu, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Gwaggo ba ta yi kuskuren fahimta ba. Kanwa tana kashe tsami, a tukunya da cikin teku duka. Lambar da nake kuka a kanta ta hau, har ta wuce inda ake so. Amma tukunya ita ce ake gyara wa zama nan take a sauke. Wannan ruwa, abin da za a ƙara masa a ɗigo-ɗigo cikin kwanaki, shi ta juye masa a numfashi ɗaya. Abu guda aka roƙe ni, kada a yi mata gaggawa.

"To a matsa lemun tsami mana ya dawo daidai," in ji Yaya, har ta miƙe.

"Kada wanda ya sake taɓa shi!" Ban san ina da irin wannan muryar ba. "Ba miya ba ce! Ku bar gyarawa, gyaranku ne ke kashe ta!"

Daidai nan Baba ya yi sallama. Ya tsaya ya dubi farin ruwan, ya daɗe. Ya dubi hannun rigar ƙanwarsa. Bai yi faɗa ba. Ni ya tambaya.

"Da mai shi yana nan, me zai yi?"

"Zai rage wannan ruwan ya maye da sabo, kaɗan-kaɗan. Akwai jarkokin da ya haɗa ya bari, amma ba za su isa ba, sai an dama wani."

"To. Kowa ya fita tsakar gida. A buɗe tagogin nan duka."

Umma ta ce, "Malam, tana nan fa. Za ta ji komai."

"Ta ji. Ki miƙa mata kujera, tsayuwa ta ishe ta."

Haka aka yi. Na sa tiyo ina zuƙe farin ruwan cikin bokiti, kawunai da manyan rigunansu suna fita da shi suna zubarwa. Kawu babba ya naɗe hannun riga yana mita, wai shi da ya zo sasanta aure ya ƙare a dakon ruwan kifi. Ina auna gishiri cikin tataccen ruwa, ba wanda ya ce wa Gwaggo komai, ita ta jawo kujera ta zauna gaban baho da babban ludayinta tana damawa. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin gishirin nan ya narke sumul kamar a hannunta ba. Ba ta ɗaga kai ba, sai can ta ce, "Ya isa haka, ko in ƙara juyawa?" Gwaggo ce ke tambayata. Na ce ta ƙara.

In na zuba kaɗan sai in tsaya, in jira, in auna. Jiran ya fi ɗaukar bokitin wuya. Zuciyata tana cewa juye duka ki huta, sai in tuna muryarsa in riƙe hannuna. Lambar ta riƙa saukowa kamar tsoho a matakala. Farin ya yi ta sirancewa, duwatsu suka fara fitowa, Ango da Amarya suka bayyana a lungu, a tsorace amma da ransu.

Sai na ga Tsohuwa.

Kawuna huɗu sun dunƙule tam, sun shige cikin dutsensu, wani yauƙi yana tashi daga jikinsu. Na biyar, wanda ke sama, daidai inda kanwar ta sauka, namansa ya saɓule yana lilo kamar tsumma. Ƙarƙashinsa farin ƙashi ne tas. Shekarun mutum ne a wurin. Na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zube, atamfata ta jiƙe, ban damu ba.

Baba ya tsuguna kusa da ni. Ba lallashina ya yi ba. Siririn tiyon injin kumfa ya kama da yatsa biyu yana jujjuyawa.

"Wannan ta nan take shan iska?"

"Eh, Baba."

"Hancinta ke nan. To me hanci yake yi a cikin ɗaki, ga iska a waje?"

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Ya fito da tsohon akwatin aikinsa, ya zaro ɗan abin huda na hannu. Ya je jikin katakon tagar, ya auna da ido, ya kafa, ya fara murzawa. Baban da agogonsa ke jingine a kan kanta don kada a taɓa masa bango. Garin katako ya riƙa zuba a kan kafet ɗin Umma. Ya sa aka samo ƙarin tiyo a kayan Mai Gilashi, ya haɗa, ya zura ta ramin har bakinsa ya leƙa waje.

Gwaggo ta leƙo ta tagar da ludayi a hannu. "Yaya! Kai da ko ƙusa ba a kafa maka, ka huda gidanka saboda kayan wani?"

Baba ya hure ƙurar ramin. "Mutumin da ya lallaɓa dutse har ya yi kai biyar, ina so in gan shi zaune a falon nan. Da taga a buɗe."

Ba wanda ya ambaci mai tayal bayan wannan.

Ana shirin kiran magariba wayata ta yi ƙara. Sabis ya dawo masa.

"Tela, hankalina bai kwanta da tambayar ƙawarki ba. Turo mini hoton Tsohuwa."

Ina da hotunanta cike a waya, na kwanakin da take shar kamar gona bayan ruwa. Har na zaɓi ɗaya. Yatsana ya tsaya a kansa. Ba zai gane ba, sai ya dawo. Na dubi ramin da ke jikin tagar, sabo fil, katakon ciki fari. Na goge hoton da na zaɓa, na ɗaga wayar na ɗauki abin da ke gabana, da farin ƙashin da komai. Na tura.

Ya buɗe. Aka nuna yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya sake dainawa. Sai wayar ta fara ruri a hannuna, kira ne.

Na kasa ɗauka. Ina kallonta tana haske kamar garwashi. Baba ya miƙo hannu.

"Ba ni shi. Numfashina ma yana cikin ruwan nan."

Mutanen da ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Ya kara a kunne, ya yi sallama, ya fita can bayan taga ya ja mini labule. Sun daɗe. Na kasa kunne, ba abin da nake ji sai ɓulɓul ɗin injin kumfa. Da ya dawo ya ajiye mini wayar a kan tebur ya ce, "Ya ce kada a ba kifin abinci yau." Shi ke nan. Ya wuce alwala.

Na rubuta wa Mai Gilashi, "Ka yafe mini. Me kuka ce da Baba?"

"Huɗu za su haifi na biyar, in an bar su. Ita kada ki yi mata gaggawa."

"Na ce me kuka ce?"

"Maganar maza ce." Da fuskar dariya. Sai sabis ya ɗauke, kuma wannan karon ban gode masa ba.

Yau da safe lambar takwas da ɗigo biyu ce. Na auna bayan Umma da Gwaggo sun gama hira a falon, ba ta motsa ba. Kai ɗaya cikin huɗun ya fito da 'yan yatsu, gajeru, masu ɗari-ɗari, kamar mai leƙen ko baƙi sun tafi. Na biyar yana nan fari, ba zai dawo ba. Gwaggo ta wuce ta gaban gilashin ɗazu, na ga ta riƙe numfashi har ta kai ƙofa.

Na tambayi Baba, ya lumshe ido. Na tambayi Umma, ta rantse ita ma bai gaya mata ba. Ni da aka yi maganar a kaina, ban san ko kalma ɗaya ba.

Ina fita shago na ci karo da maƙwabciya a bakin igiyarta. Sai a lokacin na tuna inda Baba ya tsaya da wayar, na kuma tuna wadda na hango tana shanya da magariba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi wani murmushi mai nauyi, ta yarfa zanen da ke hannunta.

"Auta," ta ce, "ni kam in tambaye ki. Tela ita ke ɗinka wa kanta kayan biki, ko sai an kai wa wata?"